Lahcen Ahansal: ɗan makiyayan da ya ci tseren Sahara sau goma

Wannan shi ne rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ko rashin sabis ya hana su saurare.

Bari in fara da ɗan lissafi. Duk wanda ya saba hawa mota daga Kazaure zuwa Kano ya san tafiyar, kusan kilomita 80 ce, awa ɗaya da 'yan mintoci in direba bai yi ta tsayawa ɗaukar fasinja ba. To ka ɗauka an ce ka yi wannan tafiyar da ƙafa, da gudu, a yini ɗaya, a cikin rairayi da tsakuwa, babu kwalta babu inuwa. Jaka tana bayanka, abincinka na mako guda yana ciki. Kafin wannan ranar ka riga ka yi kwana uku kana gudu, bayanta kuma akwai saura. Na san wani zai ce ai wannan neman mutuwa ne. To akwai gasar da ake yin haka duk shekara a kudancin Maroko, kuma akwai mutumin da ya zo na ɗaya a cikinta har sau goma. Sunansa Lahcen Ahansal. Lahcen ɗin nan Alhasan ne, haka mutanen Maroko suke faɗinsa. Tarihinsa za mu kawo yau.

Kafin nan mu fahimci irin gudun. Abin da muke ji a rediyo ana cewa gudun fanfalaki ko gudun yada ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195, shi ake yi a gasar Olamfik da manyan birane. Duk tseren da ya wuce wannan tsawon ya shiga wani aji daban, mu kira shi fanfalaki mai dogon zango. Akwai na kilomita 50, akwai na 100, akwai wanda ake kwana ana yini ana yi. Wanda muke magana a kai sunansa Marathon des Sables, da Faransanci ke nan, ma'anarsa fanfalakin rairayi. Jimillarsa kusan kilomita 250 ne, an raba shi zango shida a cikin mako guda. Kamar ka tashi daga Kano ka wuce Kaduna da ƙafa.

An haifi Lahcen a 1971 a yankin duwatsun Jbel Bani, kusa da garin Zagora. Iyayensa makiyaya ne daga ƙabilar Ait Atta, wani reshe na Amazigh, mutanen da harshensu yake da dangantaka da na Buzayen da muka sani. Rayuwa ce ta tanti da awaki da raƙuma, yau kana nan, gobe ka bi ciyawa da ruwa. Bayan shekara biyu aka haifi ƙanensa Mohamad, a 1973. Ku riƙe sunan nan, za mu dawo kansa. Mahaifinsu ya rasu tun suna ƙanana, daga baya iyalin suka zauna a Zagora, kamar yadda makiyaya da yawa suka ajiye sanda suka shiga gari a waɗancan shekarun.

Zagora kuwa ba baƙon gari ba ne a tarihinmu. Yana cikin kwarin kogin Draa, ƙasar dabino, bakin hamada. Har yau akwai wani allo a garin da aka rubuta cewa daga nan zuwa Tambutu kwana 52 ne, wato a kan raƙumi. Ta wannan kwarin rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ta bi, ƙarƙashin Judar Pasha, ta keta hamada ta je ta karya daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591. Kuma jar fatar da majeman ƙasar Hausa suke yi, ayari ne yake tsallakawa da ita arewa, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Kun ga ke nan, hamadar da Lahcen ya tashi a bakinta ta arewa, ita ce mu muke zaune a bakinta ta kudu.

Yanzu ita gasar, yaya aka yi ta samu? Wani Bafaranshe ne mai suna Patrick Bauer, sana'arsa shirya wasannin mawaƙa. A 1984 ya ɗauki jaka mai nauyin kilo 35, ruwa da abinci, ya yi tafiyar kilomita 350 shi kaɗai a hamadar Aljeriya cikin kwana 12. Da ya dawo sai ya ga ai wannan wahalar akwai masu biyan kuɗi su ɗanɗana ta. A 1986 ya shirya gasar farko a kudancin Maroko, mutum 23 kacal suka shiga. Da tafiya ta yi tafiya sai da ta kai ana samun fiye da mutum dubu a shekara, daga ƙasashe da dama.

Dokokinta ne suka sa ta yi suna. Masu shirya gasa ruwa kawai za su ba ka, shi ma a ƙididdige, sai tantin da za ku kwana ku takwas, sai likitoci. Sauran komai a bayanka yake: abinci, abin rufa, tocila, na'urar nuna gabas da yamma, usur, madubin haska wa masu ceto, da gishiri. Jakar ba za ta gaza kilo shida da rabi ba, ba za ta wuce kilo 15 ba, ban da ruwa. Dole kuma ka nuna kana da abincin da ya kai kalori 2,000 a kowace rana. Gishirin nan ba ado ba ne. Gumi yana fita da gishirin jiki, in ka yi ta ɗirkar ruwa zalla ba ka mayar da shi ba, jiri da amai da ruɗewa ne za su biyo baya, abin yana iya kaiwa ga rasa rai. Da rana zafi yana iya kusantar digiri 50, da dare kuma sanyi ya sauko kamar na tsakiyar hunturu. Ƙafa tana kumbura, shi ya sa suke sayen takalmin da ya fi ƙafarsu girma, su ɗinka masa wani ƙyalle da zai hana yashi shiga. A can ƙarshen layi kuma akwai raƙuma biyu da masu jansu suna tafe a hankali. In suka wuce ka, to ka fita daga gasar.

Don ku san ba wasa ba ne, ga abin da ya faru a 1994. Wani ɗan sandan Italiya, Mauro Prosperi, guguwar rairayi ta tashi ta ɓatar da shi. Ya fi mako guda yana gararamba shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare har ya koma shan fitsarinsa, ya fake a wani tsohon hubbaren waliyyi ya kama jemagu ya ci. Ashe ya bar Maroko gaba ɗaya ya faɗa Aljeriya, ya kauce hanya da kusan kilomita 300. Su wa suka tsince shi? Makiyaya. Mutanen da hamadar nan gidansu ce.

To a nan labarin yake. Gasar ana yinta a ƙofar gidan su Lahcen, a kan hanyoyin da iyayensu suka kora dabbobi. Amma kuɗin shiga na masu hali ne, a yau ma ya haura yuro 3,000. Yawancin masu zuwa Turawa ne, likitoci, ma'aikatan banki, sojoji, 'yan kasuwa. Ɗan gari kuwa aikinsa kafa tanti, jan raƙumi, tuƙa mota, ko ya tsaya a gefen hanya yana kallo. Labarin da ake bayarwa a kan Lahcen shi ne, yana saurayi, wata shekara da aka zo tashin gasar a Zagora, sai ya kutsa cikin 'yan tsere ba rajista ba lamba a ƙirji, ya yi ta gudu tare da na gaba-gaba har masu shirya gasar suka lura da shi. Ka duba fa, ƙarfin yana nan, numfashin yana nan, sanin ƙasar yana nan. Abin da babu shi ne 'yar takardar lamba da ake maƙalawa a riga, da wanda zai biya kuɗinta.

Sai da aka samu masu ɗaukar nauyi sannan ya shiga a hukumance. Kuma ba daga shiga ya fara ci ba. Gudu a ƙasarku daban, gasar mako guda da jaka a baya daban: dole ka koyi yadda za ka raba ƙarfinka, abin da za ka ci, abin da za ka bari a gida don jaka ta yi sauƙi. A shekarun 1994, 1995 da 1996 wani ɗan Rasha, André Derksen, shi yake cinyewa. A 1997 Lahcen ya karɓe, yana da shekara 26. A 1998 ƙanensa Mohamad ya ci. Daga 1999 har zuwa 2007 kuwa, shekara tara a jere, babu wanda ya sha gaban Lahcen. Tara da ɗaya, goma ke nan. A shekaru da yawa daga cikinsu wanda yake zuwa na biyu ma ƙanen nasa ne. Ka ji gida!

Ku kwatanta saurin. In aka haɗa lokacin zango shidan gaba ɗaya, akwai shekarun da Lahcen ya gama a ƙasa da awa 20, wato yana cin fiye da kilomita 12 a kowace awa, a cikin yashi, da kaya a baya. Na ƙarshen layi kuwa sukan ninka wannan lokacin sau uku ko fiye. A ranar dogon zango ma, manyan 'yan tsere sai an bar su a baya na wasu awanni bayan sauran jama'a sun tashi, amma duk da haka su bi su ɗaya bayan ɗaya su wuce, su isa masauki, wasu kuma su kwana a hanya da tocila.

Mene ne sirrin? Mutane suna son su ce ai jininsu ne, haka aka halicce su. Wannan amsar malalata ce. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan maganar ta zauna daram. Rairayi ba iri ɗaya ba ne. Akwai gefen tudu da iska ta danne ya yi tauri, akwai gefen da in ka taka sai ka nutse har idon sawu. Wanda ya tashi a ciki, da ido kawai zai gane inda zai sa ƙafa. Baƙo zai miƙe tsaye ya hau tudu ya ƙone ƙarfinsa, ɗan gari zai bi ƙoƙuwar tudun ya zagaye. Baƙo zai buɗe ƙafa kamar a kan kwalta, ɗan gari zai riƙa gajeren taku mara nauyi. Sannan akwai sabo da zafi: jikin da ya saba yana fara gumi da wuri, kuma ba ya zubar da gishiri da yawa. Akwai tattalin ruwa, wanda duk ɗan makiyayi ya koya tun kafin ya san karatu. A kan duk wannan sai aka ɗora atisaye na shekara da shekaru, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wahalar yarinta ita kaɗai ba ta mayar da mutum zakara. In da tana yi, da rabin ƙauyukanmu zakaru ne.

Bayan nasara ta goma a 2007, kambun bai bar gidan ba. Mohamad ya ci a 2008, 2009 da 2010. Ku lissafa: daga 1997 zuwa 2010, gasa 14 a jere, 'ya'yan mace ɗaya ne suke ɗauka. Mohamad ya sake ci a 2013 yana da shekara kusan 40, ya cika biyar. Su biyun sun haɗa 15.

Amma a ganina babban aikinsu ba kofunan ba ne. Wannan gasa ba ta da irin kyautar kuɗin da ake bayarwa a manyan tseren birane kamar Landan ko Boston, ba a zama attajiri da ita. 'Yan uwan nan sun ci gaba da sana'ar ja-gorar baƙi a hamada, sannan suka kafa nasu tseren a Zagora, inda yaran gari za su iya shiga. Mohamad kuma ya kafa wata gasar a duwatsun Atlas mai suna Trans Atlas Marathon. Wato wanda a da ya rasa lamba, shi ne ya koma raba wa yara lamba.

Ga abin da hakan ya haifar. Wani yaro daga wannan yankin na Zagora, Rachid El Morabity, wanda ya tashi yana ganin su Lahcen, ya ci gasar a 2011. A 2012 ya ji mummunan rauni a ƙafa ana tsakiyar gasa, wani ɗan Jodan mai suna Salameh Al Aqra ya ɗauka. Rachid ya warke ya dawo, ya ci daga 2014 zuwa 2019 a jere. A 2020 annobar korona ta hana a yi. Ya ci 2021 da 2022, ƙanensa Mohamed ya ci 2023, shi kuma ya kamo Lahcen da nasara ta goma a 2024, ya wuce shi da ta sha ɗaya a 2025. Ma'ana, daga 1997 zuwa 2025, sau ɗaya tak kambun maza ya bar yankin Zagora. Matan Maroko ma sun shigo: Touda Didi ta ci a 2008 da 2009, Aziza Raji ta ci a 2021. Yanki guda, wanda a da mutanensa 'yan kallo ne.

To mu dawo gida, don ba don Maroko kawai na kawo labarin nan ba. Tsakanin Nuwambar 2006 da Fabrairun 2007, wasu mutum uku, Charlie Engle na Amurka, Ray Zahab na Kanada da Kevin Lin na Taiwan, suka keta Sahara da gudu daga Saint-Louis ta Senegal har Bahar Maliya, cikin kwana 111. Sun bi ta Muritaniya, Mali, Nijar, Libiya da Masar, sun ratsa Agadas da hamadar Tenere. An yi fim a kansu, duniya ta san sunayensu. Wanda ya nuna musu hanya kuwa ɗan Nijar ne, Mohamed Ixa. Kun ga abin da nake faɗa? Nan ma ɗan gari ja-gora ne, baƙo ne ɗan tsere.

Alhali doguwar tafiya ba sabon abu ba ce a wurinmu. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja da ƙafa suna ɗauko goro, tafiyar watanni. Alhazan da sun bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekaru suke yi kafin su ga Makka, wasu ma a Sudan suka zauna har yau zuriyarsu tana can. Ayarin gishiri yana keta Tenere zuwa Bilma ya dawo, gishirin ya ƙare a kasuwanninmu. Ko a zamanin nan, a gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul, Abbas Mohammed ya yi wa Najeriya gudun fanfalaki, Abdou Manzo ya yi wa Nijar. Tun 2016 ake yin fanfalakin Legas duk shekara, 'yan Kenya da Habasha suna kwashe manyan kyaututtuka, a cikin 'yan gida kuma yaran Filato ne suka fi fice, saboda can akwai tsaunuka, akwai masu horarwa, akwai waɗanda suka riga su da za su kalla.

Mu fa? Sunan jiharmu ma daga jigawa ya samo asali, wato ƙasa mai rairayi. Je ka yankin Babura wajen iyakar Nijar ka ga yashi. Je ka Kazaure da Roni ka ga duwatsu da hawa da gangara. Ka shiga ƙauyukan Gwiwa ka ga yaron da yake bin shanu daga hantsi har magariba da 'yar gorar ruwa ɗaya, ko wanda yake tafiyar kilomita da yawa zuwa makaranta ya dawo, ko mai kai kaya kasuwar ƙauye da ƙafa. Ban ce kowannensu Lahcen ba ne. Cewa nake ba mu sani ba, domin ba a taɓa sa musu agogo ba. Ƙwallo muke kallo, dambe da kokawa muna da fagensu, amma mai dogon numfashi ba shi da inda zai nuna kansa. Yana nan yana girma, ya yi aure, ya tsufa, shi kansa bai san abin da yake da shi ba.

Kuma abin da ake buƙata bai kai yadda muke zato ba. Gudu ba ya son fili mai ciyawa ko kayan miliyoyi. Hanya ce da aka auna tsawonta, da agogo, da ruwa a kowane zango, da ma'aikacin lafiya, da littafin da za a rubuta sunan kowa da lokacinsa, a ajiye don baɗi. A fara da kilomita 5 da 10 tsakanin makarantu ko unguwanni, lokacin sanyi, da sassafe. Ƙungiyar matasa ɗaya da mai hali ɗaya sun isa su fara.

Sai dai in ja kunne, don na san halinmu. Kada wani ya ji shirin nan ya tashi gobe da tsakar ranar bazara ya ce zai gwada Roni zuwa Kazaure a guje. Zafi yana kisa. A gasar 2021, da aka ɗage ta zuwa watan Oktoba, zafi ya yi tsanani har kusan rabin 'yan tseren suka kasa gamawa, mutum ɗaya ya rasu, duk da likitoci da jiragen ceto. Ana farawa ne kaɗan-kaɗan, a ƙara a hankali cikin watanni. In ka ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko gumi ya ɗauke maka alhali kana cikin zafi, ka tsaya nan take ka nemi inuwa da taimako. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya fara ganin likita.

Lahcen yanzu ya haura shekara hamsin, an karya tarihin da ya kafa, kuma wanda ya karya ɗin ɗan yankinsu ne da ya taso a bayansa. Yau in an tashi gasar, yaran Zagora suna layin gaba da lambobinsu a ƙirji, sauran duniya tana bin ƙurarsu.

Nan za mu tsaya a wannan makon. In akwai wani yaro a unguwarku ko ƙauyenku da aka sani da gudu ba ya gajiya, ku auna masa hanya ku sa masa agogo, ku rubuta.